Darar Mudassir

Zalunci Ja'afar ya yi, ko kuwa shi kaɗai ne a cikinmu ya girmama Mudassir? Har yau ban samu amsa ba.

Muna zaune a zauren Mudassir bayan la'asar, yana kishingiɗe a kan katifa, idanunsa sun yi rawaya saboda ciwon hantar da aka sallamo shi da shi daga asibiti a Kano. Ja'afar, ƙanen matarsa Raihana, ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Yaya, wasan ya yi kyau," in ji shi. "Amma bai kai a fitar da shi ba."

Mudassir mai gyaran waya ne a Kwanar Dangora, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ba wanda ya koya masa rubuta manhaja, shi ya koya wa kansa a tsohuwar kwamfuta. Shekaru ya yi yana gina wasan dara na waya, da ramukanta da tsinkayenta da tsakuwowinta, kamar yadda dattawa ke yi a gindin darbejiyar tasha. Duk mun buga, duk mun yaba. Sai dai ba mu taɓa bugawa ba sai yana kusa. Kafin ya miƙo maka wayar sai ya kashe layi don kada kira ya shigo. In ka kai yatsa gefen hagu, sai ya riƙe hannunka ya ce ba nan ba. In wasan ya maƙale, ya karɓa, ya danna wani wuri, ya dawo maka da shi yana dariya.

Ja'afar yana aiki a wani kamfanin manhaja a Kano, kuma Mudassir ne ya kira shi don ya ɗauki wasan ya fitar wa duniya tun yana da rai. Ja'afar ya ce akwai sharaɗi ɗaya. A ba wanda bai taɓa ganin wasan ba, a bar layi a kunne, Mudassir ya zauna ya yi shiru, komai ya faru. A wurin aikinsu, in ji shi, abin da bai tsaya da ƙafarsa ba in mai shi ya juya baya, ba a sa masa suna a kai kasuwa.

"Wato ka zo ka tona min asiri a gaban baƙo," Mudassir ya ce, numfashinsa na sarƙewa.

"Wanda zai sauke shi a Doguwa ba ya da kai a kusa, Yaya."

"Ka jira in mutu mana, sai ka gwada."

Raihana na bayan labule, na ji ta ja numfashi. Mudassir ya tura wayar ƙarƙashin matashi ya juya wa bango fuska.

A waje na tare Ja'afar, na ce me zai rage shi in ya yi wa mara lafiya alkawari kawai. Ya ce kowa ya riga ya yi wa yayansa wannan alherin, shi ya sa wasan yake inda yake. In ya ɗauka ba tare da sanin inda yake karyewa ba, kuma babu mai nuna masa, to, tare za a binne Mudassir da wasan. Ni ma ina cikin masu yabon.

Jikin ya ci gaba da tsananta. Kunu ma ya daina zama. Ranar kasuwa da hantsi Raihana ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Sale, wai ka kira masa Ja'afar. Ka kuma samo baƙo."

A gindin darbejiya na samu Mainasara, wani dattijon makiyayi daga wajen Falgore da ya kawo raguna. An ce ba a cika cin sa a dara ba. Ya biyo ni yana cewa shi bai san darar da ba ta da ƙasa ba.

Bayan gaisuwa da yi wa mai jiki sannu, Ja'afar ya kunna layi ya miƙa masa wayar. Mainasara ya dasa tsinke na farko, ya yi murmushi. Yatsansa mai kauri ne, yana taɓa rami biyu a lokaci ɗaya. Ya nufi gefen hagu. Na ga hannun Mudassir ya taso daga katifa.

Sai ga kira ya shigo, wani mai tambayar jiki. Da kiran ya katse, ramukan duk sun zama wayam.

"Ɗana," Mainasara ya ce, "darar taka ta watse. Ina zan danna?"

Ja'afar bai dubi yayansa ba, yatsan dattijon kawai yake kallo. Mudassir ya buɗe baki, na ga amsar ta zo har leɓensa.

Ranar Alhamis ta makon Mudassir ya rasu, muka kai shi bayan azahar, Ja'afar ya tafi Kano da kwamfutar a jakarsa. Amma in na tuna maƙwabcina, ba makara nake gani ba. Ina ganin sa ne a zauren nan, ya rufe bakinsa, ya janye hannunsa a hankali ya cusa ƙarƙashin mayafi, dattijon kuwa ya sunkuya yana laluben rami na farko shi kaɗai.