Ɗigon Man Giya a Simintin Ubukata

Ƙafafunsa kawai na hango sun leƙo daga ƙarƙashin motar, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan ya yi gefe. Na ƙarasa da sauri, na ɗauka a nan ya cika.

"Tsoho, kana da rai?"

"Miƙo min tsumman nan, Gonda, ka daina yi min haushi a ka."

Na miƙa masa. Da na sunkuya sai warin man giyar mota ya buge ni, warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Yana kwance a kan bayansa yana goge gindin giyabos, akwatin giyar motar, da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙirjinsa kamar ba nasa ba.

Kuramochi ke nan, maƙwabcina. Katanga ɗaya ta raba shagon waldata da gidansa a bayan tsohuwar masaƙa a garin Kiryu, inda ya yi aiki har aka rufe ta. Ya doshi tamanin. Motar kuwa ƙarama ce mai ƙofa biyu, ruwan madara, ya saye ta a shekarar da ya auri Fumie. Fumie ta rasu bara waccan, motar ta rage.

Bara shanyewar jiki ta taɓa masa hannun hagu, hannun da yake sa giyar mota da shi. Sandar giyar motar ta asali doguwa ce, sai ka miƙa hannu kamar mai tuƙa kwalekwale kafin ta shiga. Ya kasa. Wani cikin 'yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ya kawo masa wata gajeriya ta kasuwa, wadda da ɗan motsin wuyan hannu take faɗawa. Ni na ɗaura masa. Tun ranar na gaya masa robar gindinta ba ta zauna daidai a bakin tsohon giyabos ba.

"Za ta yi yoyo," na ce.

"Ni ma ina yoyo, an yar da ni?"

Ta kuwa yi. In motar ta yi zafi, man ya fantsamo sama, ya bi ta gefen robar, ya gangaro, ya kwana yana ɗiga. Na sa a nemo masa roba mai kauri daga Osaka, suka ce sai bayan hutun Obon, kowa ya rufe ya tafi gaida kaburburan iyayensa.

Obon ɗin kuwa shi ne maganar. 'Yarsa Chizuru ta zo daga Tokyo da bazara, na ji su ta katanga.

"Baba, ka kai lasin nan ofishin 'yan sanda ka huta. In ka take ɗan wani fa?"

"Shekara nawa ina tuƙi, ko kyanwa ban taɓa takewa ba."

"Da hannu biyu kake tuƙi a lokacin."

Suka ja, suka ja, aka tsaya a kan magana ɗaya: zai tuƙa motar da kansa zuwa kabarin Fumie a kan tudu ranar Obon, ya wanke dutsen, ya kunna turare, daga nan ya miƙa lasin, a sayar da motar. Ya ce duk shekara a motar suke hawa tudun nan shi da ita, ba zai je mata a tasi kamar baƙo ba.

Ba shi da gareji. Yana ajiye motar a filin Ubukata, wata gwauruwar tsohuwa da ta shafe gaban gidanta da siminti tana ba da haya. Kullum da safe sai ta share shi ta yayyafa ruwa. Za ka iya cin shinkafa a kai.

Da safen nan da na same shi, bayan ya fito yana haki, ya nuna min ƙasa da haɓa. Wani kwali ne shimfiɗe a ƙarƙashin motar, an yanke shi daidai wa daida, an danne kusurwoyinsa da duwatsu.

"Kai ka sa?" na tambaya.

"Ita ta sa."

"To, ai ta kyauta."

"Ba ta ce min komai ba, Gonda. Na fito ta rusuna ta ce, 'Kuramochi-san, zafin bana sai haƙuri.' Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi."

"Kwali ne fa, tsoho. Kwalin lemo."

"Kai ba ka da kunya, shi ya sa kake ƙiba."

Ya kai mata alewar wake a nannaɗe yana ba da haƙuri. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ba komai, ita ba ta ma lura ba. Washegari ta canza kwalin da sabo. Kowace safiya sabon kwali, kowace safiya sai ya ƙara rusunawa, har na fara jin tsoron wata rana goshinsa zai taɓa simintin.

Ana jibi Obon na dawo daga aiki na tarar babu kwali, simintin fes, shi kuma yana zaune a bakin ƙofarsa da wata jarka a gefe, fuskarsa a sake.

"Motar ta daina yoyo," ya ce.

"Me ka yi mata?"

"Na kwance notin ƙasa na tsiyaye man. Abin da babu ba ya ɗiga."

Na ce, "Ka san in ka tuƙa ta haka haƙoran giya za su cinye juna?"

"Na girmi uwarka, kar ka koya min mota. Ranar tafiya sai a mayar."

"Da wane hannun? Sai an shiga ƙasa an tura shi da famfo. Ka buga min ƙofa, ko wane lokaci ne, in zo in ɗura."

"Na ji."

"Tsoho, ka ji ko ka ji?"

"Na ce na ji, mai walda."

Ranar Obon gidana ya cika. Ƙannen matata da 'ya'yansu sun kwana, an baje ana karyawa. Sai da rana ta ɗaga na leƙa filin Ubukata, ban ga mota ba. Jarkar tana nan a bakin ƙofarsa, cike.

Matata ce ta ce min, "Ai ya zo ɗazu. Na hango shi ta taga ya turo ƙofar waje, ya tsaya yana kallon takalman baƙi a jere, sai ya ja ƙofar a hankali ya juya."

"Ba ki kira ni ba?"

"Na ɗauka gaisuwa ce ya fasa."

Na jefa jarkar da famfo a bayan a-kori-kurata na bi hanyar tudu. Zafi ya yi zafi, kwalta tana sheƙi, kukan ƙwari a itatuwa kamar ana yankan ƙarfe. Na san lissafin da ya yi: tafiyar ba nisa, ɗan man da ya maƙale a jikin haƙora zai kai shi. Da a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne wataƙila da ya kai.

A kwana ta biyu ta hawan na same ta. Ya gyara mata tsayuwa a gefen hanya, ya sa dutse a bayan taya, ya kulle ƙofa. Na leƙa ta gilashi, gajeriyar sandar tana tsaye a giya ta biyu. Ƙaurin ƙonannen ƙarfe har waje. Shi ba ya nan.

Daga nan zuwa maƙabarta hawa ne wanda ni ma sai na tsaya na huta in da ƙafa ne. Na taka mota. A ƙofar haikalin da maƙabartar take ciki na tarar da motar asibiti ana saka tsohon a ciki, mutane sun yi cirko-cirko da furanni a hannu. Wani mai sharar wurin ya ce ya ga shigowarsa, rigarsa sharkaf, ya ce masa ya zauna ya sha ruwa.

"Ya ce min matarsa tana jira," in ji shi. "Ya ɗauki bokiti da ludayi ya wuce."

A asibiti ya yi kwana biyu bai farfaɗo ba. Likita ya ce zafi ne da zuciya. Chizuru ta iso ya riga ya tafi.

Bayan an ƙone gawar bisa al'ada, Ubukata ta tare ni a bakin filinta, da baƙaƙen kaya, ta ƙanƙance kamar an matse ta.

"Gonda-san, ni don kar ya damu na sa kwalin nan. Don kar ya riƙa durƙuso yana gogewa."

"Na sani, Iya."

"Da na yi masa magana?"

Na rusuna mata na wuce.

Chizuru ta roƙe ni in kai ta tudun kafin ta koma. Mun wuce motar a hanya, janwe bai zo ba saboda hutu. Ta kawar da kai. Can ta ce, "Kawu, ya isa wurin Mama kuwa? Kar ka yi min ƙarya."

"Zo ki gani da idonki," na ce.

Kabarin yana layin ƙarshe, jikin itatuwan gora. Babu wanda ya taɓa komai. Bokitin katako yana gefe, ruwan ciki ya ƙafe. Ya zuba furanni a tulu ɗaya, ɗayan tulun babu komai. Dutsen kuwa ya wanke shi daga sama, sunan Fumie ya fito tas, har zuwa daidai inda hannun mutum a tsaye zai kai bai sunkuya ba. Daga nan zuwa ƙasa gansakuka ce kore.

Chizuru ta tsuguna, ta naɗe hannun rigarta. Na ɗauki bokitin na gangara famfo.