Rumfar Makokin Dalhatu

Ko da aka dawo daga maƙabarta, Bilya ya tarar da a-daidaita-sahu biyu a ƙofar gidan mamacin, kowace ɗauke da rumfa da kujerun roba. Ɗaya ta jam'iyya mai mulki ce, ɗaya ta 'yan adawa, kowace da tambarinta ɓaro-ɓaro a jikin tamfol.

A wannan ƙauye na gefen Bunkure haka abin ya koma: suna ne ko biki ko mutuwa, rumfar da aka kafa ita ke faɗin ɓangaren mai gida. Hatta mai shayi kowa da nasa. Dalhatu kuwa, maƙwabcin Bilya a gida da gona, shekara ashirin yana zaɓe ba wanda ya san inda yake dangwalawa. In an matsa masa sai ya ce shi mutum yake dubawa, ba hula ba. Shi ya sa duk rabon taki ake tsallake shi, waɗannan su ce ɗan leƙen asiri ne, waɗancan su ce munafuki. Shi dai tumatirinsa yake ba ruwa.

Shekaranjiya, da ciwon ƙirji ya kwantar da Dalhatu, Bilya ya shiga dubiya. Dalhatu ya fara tambaya ko an saki ruwa a layin gonakinsu, sannan ya ce, "Ka san halin mutanenmu. Kada ka bari a kafa mini rumfar kowa."

Bilya ya ce to, irin wadda ake ce wa majinyaci don ya samu barci. Bai zaci za a zo nan da wuri ba. Shi ɗan jam'iyya mai mulki ne, kuma sunansa na cikin waɗanda za a ba injin ban ruwa kafin zaɓe, abin da ya yi rani uku yana jira.

Alhaji Mustapha, shugabansu na mazaɓa, har ya sa an fara sauke ƙarafa. Yana ta shaida wa jama'a cewa marigayi nasu ne, kullum sai ya gaishe shi a bakin masallaci. Ɗanbaba na 'yan adawa ya ce ina, ai su ya taɓa ara wa benci. Mutumin da aka hana ko mudun taki, yau ya zama ɗan kowa.

Bilya ya aika cikin gida ko Kulu, matar marigayin, za ta raba gardama. Ta aiko cewa shi aka bar wa sallahu, ba ita ba. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya tsaya a ƙofar zaure ya faɗi abin da Dalhatu ya ce masa.

Alhaji Mustapha ya matso, ya rage murya. "Bilya, har da tamu? Ka tuna da maganar inji fa."

"Na tuna, Alhaji. Amma da kunnena na ji."

Alhaji ya ce ba komai, a irin muryar da kowa ya san akwai komai. Aka mayar da ƙarafa, a-daidaita-sahun biyu suka juya da kayansu.

Bilya ya shimfiɗa tabarmi biyu a jikin katanga, inda inuwar ba ta wuce kamu uku ba. Masu gaisuwa suka takura kafaɗa da kafaɗa, na nan da na can, ƙafafunsu a rana. In inuwa ta gusa, sai a tashi a ja tabarma.