Yashin Tsakar Gida

Zulaihat ta sake kai yatsa ƙarƙashin muƙamuƙin 'yarta Ummi, alhali ta san abin yana nan. Kaluluwa biyu ne kamar ƙwayar gurjiya, sati biyar ba su saɓe ba, ba su yi zafi ba. Rashin zafin ne ya fi ba ta tsoro. Haka ta mijinta Nu'uman ta fara, salun-alun, har likitoci suka ce ciwon daji ne. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Fankar ɗakin jira na asibiti tana juyi a kasalance, hankalinta ya bi iskar har gida, Ƙofar Durbi. Ga Nu'uman a tsakar gida, an gama shigo da yashi a baro, yana auna ƙasa da taku: nan ɗakin Ummi, nan taga. Ɗaki bai samu ba. Yashin kuwa yana nan, ta hana kowa ɗiban ko tafin hannu. Ummi kaɗai ke wuni a kansa tana gina ɗakuna.

"Ummi Nu'uman!" aka kira.

Dakta Comfort ta amsa gaisuwa, ta duba takardar gwajin jini.

"Maman Ummi, ba daji ba ne."

Zulaihat ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Hawaye suka zubo, ta bar su.

"Kuna da kyanwa a gida?"

"A'a likita, ba mu kiwon komi."

"Mussa hwa, Inna?" in ji Ummi.

"Wannan kyanwar ai baƙuwa ce. Ta katanga take dirowa, ta tona yashi, ta binne abinta ta wuce. Kunya gare ta."

Likita ta yi dariya. "To, abin da mai kunyar ke binnewa shi Ummi ke tonowa. Akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa, daga hannu sai baki. Ga yaro mai lafiya yawanci da kanta take tafiya, za mu dai riƙa dubawa. A wanke hannu, a dafa nama ya nuna. Yashin nan kuma a kwashe shi."

"A kwashe shi," Zulaihat ta maimaita a hankali.

Bayan la'asar ta tsaya gaban tudun. Ga ɗakunan Ummi a jere, kowanne da tagarsa da aka huda da tsinke, ga sawun baƙuwa ya ratsa tsakaninsu. Shekara biyu tana gadin mafarkin mutum, ashe banɗaki take gadi! Dariya ta kama ta, ta zarce da kuka.

Ta leƙa zaure ta kira maƙwabcinta magini.

"Malam Sule, gobe in Allah ya kai mu ka zo da magwajinka na gini."

Ta dawo ta cire takalmi, ta fara auna ƙasa daga jikin katanga. Takunta bai kai na Nu'uman tsawo ba, sai ta ƙara biyu.