Wuƙaƙen Abdulbaƙi

Abdulbaƙi ɗan kasuwar albasa ne a Malanbil, wani gari na bakin iyaka, kamar ubansa da kakansa. Sai da ya haura arba'in sha'awar ƙira ta kama shi, daga kallon wani bidiyo a waya. Ya sayo guntun ƙarfen tsohuwar mota wurin masu gareji, ya samo masaba da awartaki, ya haƙa ramin gawayi a bayan gidansu na gado. Ba don sayarwa yake yi ba. Daɗi kawai yake ji in ƙarfe ya yi ja yana bin hannunsa.

Wuƙar farko ta karye tun a wurin tsomawa cikin ruwa. Ta biyu ta karkace kamar lauje. Ta huɗu ce ta yanka albasa sumul, har matarsa Rahina ta ɗauke ta zuwa madafa.

Wansa Sodangi, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi abin ya tsaya wa a rai. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya zo ya tsaya masa a ka, yana kore hayaƙi da hannun riga.

"Abdulbaƙi, mu maƙera ne? Wa ka taɓa ganin ya riƙa masaba cikin zuri'armu?"

"Yaya, ƙarfe nika bugu, ba sata nika yi ba."

"Gara satar, ita ana ɓoye ta! Jiya cikin kasuwa wani yac ce mani wan maƙeri. Ni!"

Ya ɗauki butar alwala ya tuttule a kan garwashin. Toka ta tashi ta bule wa Abdulbaƙi fuska. Ya jira wan nasa ya juya baya, ya sake hura wutar, ya ci gaba da bugu da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

Daga ranar gidan ya rabu biyu. Aka daina haɗa tukunya. In sun haɗu a zaure, kowa ya kalli bango.

Bayan sati uku, da hantsi, motar jandarma ta tsaya a ƙofar gida. An kai musu labari wai akwai mai ƙera makamai yana ƙetarar da su gulbi zuwa Gaya, garin da ke tsallaken iyaka. A bakin iyaka ba a wasa da irin wannan magana. Suka kwashe wuƙaƙe bakwai da masabar, suka tasa Abdulbaƙi gaba, unguwa duk ta fito kallo.

Yini guda ya yi a kan benci ana tambayarsa. Daga ƙarshe babbansu ya jujjuya wuƙaƙen, ya ga wadda ta karkace, ya yi dariya.

"Wagga ko kaza ba ta tsoronta. Tahi gida. Amma ka gyara tsakaninka da ɗan'uwanka, don shi ya kawo ƙararka da bakinai."

Abdulbaƙi ya tarar da Sodangi a zaure yana jan casbi.

"Kai ka kai ni?"

"Ni na kai ka. Gobe ma ka hura wutar nan, in koma."

"To, ka riƙe gidanka, Yaya. Allah shi isam mani."

Kafin sati ya zagayo ya kama haya a Madekali, kusa da gonakin albasa, ya kwashe Rahina da kayansu. Can ya haƙa sabon rami, babu mai ce masa kanzil. Kullum yana hawa babur zuwa kasuwar Malanbil, inda rumfarsa ke kallon ta Sodangi. Shekara biyu ke nan ba su gaisa ba, ko ranar salla.