Ƙullin Gaétan

A watan Yuli babu ƙanƙara a filin hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, na garin Port Ansel. Tun Afrilu aka narkar da ita, washegarin da ƙungiyar ta sha kashin da ya fitar da ita daga gasa, aka bar siminti tsirara da warin tsohon gumi. 'Yan wasa sun watse, wasu kamun kifi, wasu gonar iyayensu. Gaétan Pelchat kaɗai ke zuwa kullum. Shi ne mai kula da kaya, shekara ashirin da shida yana wasa ƙarfen takalman ƙanƙara, yana ɗinka sunaye a bayan riguna.

Aikin yana da mugun hali guda: mai yinsa ne yake fara sanin wanda za a sallama. Sandunan wasa sai an ba da odarsu mako shida kafin a dawo atisaye, kowace da sunan mai ita, don haka manaja kan miƙo masa takardar sunaye tun bai kira kowa a waya ba. Ƙa'ida ita ce ka gani ka kama bakinka. Gaétan bai taɓa karya ta ba, kuma yana ji da kansa a kan haka.

Takardar bana ta kwana tara a aljihunsa. Babu sunan Dale Hrycan a ciki.

Lissafin ba shi da wuya. 'Yan baya shida ake sakawa, uku a hagu, uku a dama. Ƙungiyar tana da bahagwai huɗu, ga shi an ɗauko wani matashi ɗan Finland mai riƙon dama. Dale ɗan baya ne, bahago, shekararsa talatin da biyar, an yi wa gwiwarsa aiki sau biyu, kwantiraginsa kuma ya ƙare. Manajan, matsoraci ne mai tsadaddiyar kwat, ya ƙi gaya masa gaskiya. Ajiye shi ya yi da daɗin baki har takardun baƙon su kammala, ko da abin zai wargaje.

Da hantsin Alhamis Dale ya turo ƙofa, takalmansa a hannu ɗaya, kwanon pierogi, ƙullun fulawa mai cushen dankali da matarsa Lorna ta dafa, a ɗaya.

"Tsoho, ashe ba ka mutu ba? Lorna ta ce ka ci da zafinsa, kuma ka dawo mata da kwanonta, ɓarawon kwano kawai."

"Ka ce mata na bara ma yana nan lafiya," in ji Gaétan. Muryarsa ta fita daidai. Shekara goma sha huɗu ke nan da Dale ya shigo ɗakin nan ba ko gemu, Gaétan ne ma ya koya masa naɗa tef a sanda.

Dale ya dire takalman a kan benci. "Wasa min su, amma ka rage zurfin washin. Ɓangaren dama zan koma. Tun Mayu nake tuƙi har Thunder Bay ina hayar filin ƙanƙara, ina koyon juyi ta ɗaya ɓarin kamar jariri. Na ƙirga bahagwanmu, ai ni ba jaki ba ne."

Gaétan ya kunna injin washi, don ƙarar ta rufe masa baki. Tartsatsi ya tashi. Dale bai fasa surutu ba, sai ma ɗaga murya da ya yi: 'yarsa ta shiga ajin ƙarshe, surukarsa ta dawo gidansu tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, shekara ɗaya tak yake nema ya ajiye sanda a garin da ya saba.

Tausayi ya cika Gaétan, da haushin manaja, da haushin kansa. Kalma uku kawai ce: an sallame ka. Ya haɗiye ta. Ya gama na hagu, ya gama na dama, ya shafa kaifin da farce, ya goge da tsumma, hankalinsa duk yana kan takardar da ke aljihunsa.

Sai ya ji Dale ya yi shiru.

Kowa a ƙungiyar ya san hannun Gaétan. Takalmin mai zama, sakin igiyoyinsa yake ya rataye a ƙusa. Na mai tafiya kuwa, haɗa igiyoyin biyu yake ya ƙulle, don mutum ya saɓa a kafaɗa ya fita. Bai taɓa cewa alama ce ba, amma Dale ya ga an yi wa mutum fiye da ɗari. Gaétan ya dubi hannunsa. Ga ƙullin nan, ya ja shi tam, bai ma san ya yi ba.

Ya kai yatsa zai kwance.

"Bar shi," in ji Dale a hankali. "Tun yaushe?"

"Dale, ka san ba ni ne..."

"Tun yaushe, Gaétan?"

Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai yau.

"Kwana tara."

Dale ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon injin. "Mutanen ƙungiyar garin Brandon sun neme ni in zama mataimakin koci. Mako biyu suna jirana. Jiya da yamma na ce musu a'a, ina da ƙungiya. Da safen nan suka ɗauki wani."

Gaétan ya dafa aljihunsa. Lahadin da ta wuce ya ci gasasshen nama a bayan gidan Dale, takardar tana aljihunsa, har ya ƙara faranti na biyu.

Dale ya ɗauki takalman ta ƙullin, ya saɓa a kafaɗa. Ƙullin ya riƙe da kyau, aikin Gaétan ba ya kwancewa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kwanon, ka riƙe. Ba sai ka kawo ba."