Masu Numfashi a Cikin Silin

A yi mini afuwa tun kafin a fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na sani, in an ga kuskure a rufa mini asiri.

Wata yarinya ce ana ce mata Auta, ko da yake ita kaɗai uwarta ta haifa. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da Mama ta ajiye makaranta ta koma jinya: dafa ruwan zafi, wankin zanin gado, jera kwalaben magani a bakin taga. Inna, ƙanwar Mama, kan zo kullum da kular abinci da bakinta da ba ya hutawa.

In Inna ta karɓi zaman ɗaki da rana, Auta sai ta sulale sito da littafinta. A can ne wata rana ta taka tsohon tebur za ta ɗauko bokiti, ta ga silin ya ɓalle a kusurwa. Ta leƙa. Fararen fuskoki uku suka juyo suna kallonta. 'Ya'yan mujiya ne, jikinsu buzu-buzu kamar audugar tsohon filo. Ƙaramin ya yi ta karkata kai don ya gan ta da kyau, har ya kife a kan ɗan'uwansa. Dariya ta kuɓuce mata, ita da rabonta da dariya tun kafin a fara zaryar asibiti.

Daga ranar nan kullum sai ta hau teburin. Ba ta taɓa su, ba ta ba su komai. Kallo kawai. A duk gidan nan su kaɗai ne suke ƙara girma.

Sai dai bango ɗaya ne tsakanin sito da ɗakin Mama, silin kuma a haɗe yake.

"Wani abu yana numfashi a samana," in ji Mama wata safiya, idonta jajur. "Da na rufe ido sai ya fara. Irin numfashin da kakarki ta yi kafin ta cika."

Auta ta san sautin. Haka 'ya'yan suke huci in suna jiran uwarsu ta kawo abinci. Ta sunkuyar da kai tana ninke bargo.

Inna ta dube ta. "Ke sarkin karatu, kin tare a sito kamar ɓera. Ba ki ga komai ba?"

"Ban gani ba, Inna."

"Ina za ki gani, hanci na cikin takarda."

Auta ta san Inna sarai, ko ƙadangare ba ya kwana a gidanta. Ta ce a ranta, su ɗan ƙara ƙwari su tashi, shi ke nan kowa ya huta. Amma ba su tashi ba, Mama kuma ba ta yi barci ba. Ranar asibiti likita ya ce jininta ya hau, ya tambayi wace ce mai jinya. Auta ta ɗaga hannu kamar wadda aka kama a aji.

Washegari Inna ta zo da kafinta. Ya kafa tsani a ɗakin Mama, ya cire allon silin ɗaya, ya haska fitilar waya dama da hagu. Katako ya tare masa kusurwar sito.

"Hajiya, ban da ƙura da yanar gizo babu komai a nan," ya ce yana saukowa. "Ko ɓera ya yi ƙaura, ya ga gidan ba a soya nama."

Inna ta yi dariya. Mama ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ramin da ya buɗe, sannan ta ce a hankali, "To ni kaɗai nake ji ke nan. Ni ake kira."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

Mama ta juya fuska bango. Auta ta ga yadda wuyanta ya rame, ta ga hannunta yana lalubar gefen katifa.

"Malam," in ji Auta, muryarta ba ta fita sosai. "A sito ne. Ta kusurwa, saman tebur."

Inna ta kalle ta, sannan ta ja kafinta suka nufi sito.

Auta ba ta bi su ba. Tana tsaye ta ji jan tebur, ta ji hucin nan ya tashi da ƙarfi, ta ji kafinta yana cewa a miƙo masa kwali. Da ya gama ya shigo da shi ɗakin, ya ɗan buɗe.

Mama ta leƙa. "Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka hana ni sakat?" Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. Kafin ya gama buga ƙusoshin toshe ramin, barci ya ɗauke ta, baki a buɗe, guduma na ta ƙara ba ta ko motsa ba.

An ajiye kwalin a bakin ƙofar baya, kusa da kwandon shara. Inna ta ce in kafinta zai tafi ya wuce da shi bola, ta shiga kicin haɗa masa shayi.

Auta ta gyara wa Mama bargo. Ba ta san me 'ya'yan mujiya suke ci ba in babu uwa, ba ta kuma san inda za ta kai su ba. Ta ɗauki takalmanta a hannu, ta rungumi kwalin, ta zare sakatar ƙofar baya a hankali ta fita.