Na'urar da Ta Ƙi Yin Ihu

Maigidana bai iya ruwa ba. Mutumin da ko a banɗaki kumfa ta shiga masa ido sai ya ƙwala min kira, shi ne ya yi ritaya daga tuƙin bas ya je ya sayo kwalekwale. Wai kamun kifi zai riƙa yi a tafkin bayan gari. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da yayansa, duk a banza. Ƙarshe muka yi sharaɗi: ba zai wuce inda ruwa ya kai masa ƙirji ba, kuma sai an ɗaura wa jirgin na'urar auna zurfi.

Tare muka je shagon, don na san halin kayana. Mai shagon ya baje mana su kala-kala. Maigida ya maƙale wa wata mai allo kamar talabijin, wadda ke nuna kifi yana gilmawa, har yana haɗiyar yawu. Na ce a ajiye min ita can. Tambayata ɗaya ce, wacce ke ihu in ruwa ya yi zurfi? Aka ɗauko wata 'yar ƙarama mummuna, mai shagon ya danna ta, ta saki wata ƙara da ta sa mage tserewa daga ƙarƙashin teburin shagon. Na ce ita za a naɗe.

Ɗaurawar ma a tsakar gida aka yi, ina zaune a kan kujera ina sa ido. Na'urar kashi biyu ce, allo da kuma wani ɗan dunƙule da ake tsomawa a ruwa, wanda muke ce wa idon. Gogan naku ya ɗauko abin huda zai ɓula gindin jirgin, na ce ya huda kansa tukuna. Maƙwabcinmu kafinta ne ya yanko katako ya ɗaure a bayan jirgin, aka maƙala idon a jikinsa yana kallon ƙasa. Batirin kuwa a robata ta ajiye gishiri aka sa shi, ba tare da an tambaye ni ba. 'Yarmu ta haɗa na'urar da wayata, yadda duk ranar da ya dawo gida zan ga zurfin da ya shiga.

Abu ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Kullum wayata zurfi ɗaya take nunawa, ruwan da bai kai gwiwa ba. Ina ta sa masa albarka, ina ƙara masa nama a miya. Amma kifin da yake kawowa manya ne, wani ya kai tsawon hannuna. Ni ba masunciya ba ce, amma na san irin wannan kifi ba ya kwana a ruwan da agwagwa ke tsayawa da ƙafa.

Wata safiya na bi bayansa a hankali. Ina isa bakin tafkin na hango shi can tsakiya, ya zama ɗan ɗigo, ya miƙe ƙafa yana waƙa. Na zauna a kan yashi ina kallonsa. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba duk tsawon shekarunsa a kan titi.

Da ya fito na leƙa jirgin. Jama'a, ashe ya kwance idon daga katakon ya tsoma shi a cikin bokitin wankina! Duk wannan lokaci zurfin bokiti nake dubawa ina godiya ga Allah. Ya fara kame-kame, wai katakon ne ke girgiza. Na juya na kama hanyar gida.

Washegari ya iso bakin tafkin ya tarar da ni zaune daram a cikin kwalekwalen. Na zubar da ruwan bokitin, na mayar da idon mazauninsa da hannuna.

“Maman yara, sauko mana,” in ji shi. “Ke fa ba ki iya ruwa ba.”

“Kai ka iya? Tuƙa mu je inda kake zuwa. In nitsewa ce, ba za a bar ni a gida ina jiran labari ba.”

Ya ɗauki filafilin tuƙa jirgin yana ƙunƙuni. Muka tafi sannu a hankali, ina ƙanƙame da gefen jirgin. Ba mu yi nisa ba na'urar ta kurma ihu. Na ce ya ci gaba, ai manyan kifayen suna gaba. Ya kalli ruwan da ya yi baƙi, ya kalle ni. Ya juya jirgin da sauri har ruwa ya fantsamo min a zane.

“Wurin can da zurfi,” ya ce. “Ba zan kai ki ba.”